Shaidar Kiyashi

A Garwa, daura da gidan waya,
akwai darbejiya mai faɗin inuwa,
nan nake kafa tebur, nan ne shagona.

Mai neman aiki ya zo, mai bin bashi ya zo,
tsohuwa mai ɗa a Duwala ta zo da hawaye,
su faɗa da baki, ni in buga,
kwamfuta ce fartanyar hannuna.

Daren Laraba aka yi ɓarnar.
Barmani, autata, ta shigo a guje
da kofin folere, wanda wasu ke kira zoɓo,
ta yi tuntuɓe da igiyar caja,
ja ya fantsama a tebur kamar an yi yanka.
Abin da na faɗa mata a daren,
har yau ɗacinsa yana bakina.

Da safe na jona. Shiru.
Ɗan idon nan mai launin lemo ya ƙi buɗewa.
Kashi tara, in ji ta, an jona, ba a caji.
Na sauya soket, na aro cajar Hammadiko,
na cire batir, na danne maɓallin kunnawa
ina ƙirga talatin kamar mai jan carbi,
na mayar. Taran nan dai ke kallon idona.

Wani ya ce binne ta a shinkafa.
Na binne. Kwana biyu tuwon masara muka ci.
Wani ya ce rana. Ranar Garwa ta watan Maris,
mai narka kwalta! Na shanya ta kamar kuɓewa,
ba abin da ya soyu sai ƙeyar kaina.

Tana aiki fa, in igiyarta na bango.
Ka ga akuya a turke.
Darbejiya kuwa ba ta da soket,
wutar Lagdo kuma baƙuwa ce mai tafiya ba sallama.
Kwana huɗu ko dala ba ta kwana a aljihuna.

Sai na nufi Hausare, wurin Ubbo mai gyara,
yarinya ce, tabaranta ɗaure da zare.
Ta kwance ƙusoshi, ta jera su a murfin kwalba,
ta ɗaga marfi. Sai ga kiyashi,
sahu-sahu, kamar masu ƙetara gadar Binuwai,
suna fitowa daga gindin batir a gabana.

Ta kankaro wani abu da bakin allura,
kore-kore, mai danƙo, kan haƙoran da batir ke cizo.
Ta shinshina. Ta ce, Baba, folere ja ne.
Wannan shayi ne, har da citta,
kuma ya girmi Larabar da kake faɗi.
Sukari ba ya gaggawa, a hankali yake ci.
Wa ke shan zaƙi haka a gidanku?

Na tuna Lahadi.
Na tuna gyangyaɗi kan takardar wani mai rigimar gona,
na farka, na goge da hannun riga,
ban gaya wa kowa ba, har kaina.

Buroshin haƙori da ɗan sifirit.
Ta goge, ta hura, ta jira ya bushe,
ta sauya wani abu ƙarami kamar ƙwayar gero,
ta jona. Idon lemo ya buɗe.
Tara. Goma.
Jaka uku, in ji ta, zancen sukari kuwa kyauta ne.

A hanya na tsaya wurin mai ƙanƙara,
na sayi folere leda biyu, masu sanyi.
Shekara ashirin ina rubuta wa mutane ban-haƙuri,
tun zamanin tafireta,
na iya "ina mai durƙusawa", na iya "tare da ladabi",
amma ga ni a ƙofar gida, leda na ɗiga a ƙafata,
Barmani ta leƙo, ta maƙale bayan uwarta,
na rasa kalmar da zan fara faɗin laifina.